Kwalbar Sukarin da Ka Aiko wa Innarka

Daura,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗana Ikrima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka Zubaida, a can ƙasar sanyi. Allah ya tsare ku, ya ƙara maka basira. Mu nan mun gode Allah. Damina ta zauna, geron Baure ya yi kyau, matar kawunka Munzali ta sauka lafiya, an samu mace. Ni kuwa gwiwa ce ke damuna, ita ma mun saba. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ƙanwarka Amatullah ta gaya mini ka ɗaga zuwanka sai baɗi. Wai ƙwayoyin da kake kiwo a ɗakin bincike ba su son a bar su, wai kuma Innarka ko buɗe kwalbar sukarin da ka aiko mata ba ta yi ba, to me za ka zo yi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Aikinka ban raina shi ba. Na riƙe bayanin da ka yi mini, cewa wasu halittu ne da ido ba ya gani, kuna sauya musu hali su riƙa yin sukarin da ba ya tayar wa mai ciwon sukari da ciwonsa, kuma da irin wannan dabara ake yin ruwan allurar da Innarka ke rayuwa da shi. Har yau in na tuna sai in ce Allah mai iko. Amma ƙwayoyin nan suna da masu ba su abinci ko ba ka nan.

Jikin Innarka Hadijatu ya yi nisa, Ikrima. Ƙafafun sun kumbura, idon hagu ya tafi, likita ya ce ƙodar ta gaji. Allurarta a firijin Callistus mai kemis muke ajiyewa, in wuta ta daɗe ba ta zo ba mu binne ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ba a fasa yi mata ba ko sau ɗaya. Duk da haka kullum ƙara zubewa take, matar da ka sani da son zaƙi, wadda ko fura sai ta zuba mata sukari har a yi mata tsiya.

Yanzu maganar kwalba. Zaman Turai ya sa ka manta kai ɗan fari ne? Innarka tashin garin Babban Mutum ce, a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta cin abin hannunsa a gaban mutane. Ni na goya ka, ita tana kallo ta wutsiyar ido. Tun da aka raɗa maka suna ban taɓa jin sa a bakinta ba, sai dai ta ce yayan Amatullah. Ranar da saƙonka ya iso mata sun cika tsakar gida. Me kake so ta yi, ta rungume kwalbar? Ta ce a ɗora can bisa kwanuka, ta ci gaba da tsince wake. Abin da Amatullah ta gani ke nan ta kai maka, ita ma yarinya ce.

Makon jiya da hantsi ina share mata ɗaki, na ɗaga kwalbar, sai na ji ta sakayau. Na duba da kyau, ashe takardar bakin an ɓare ta an sake liƙewa da ƙaro. Da na tsare ta, sai ta ce tururuwa ce. Na ce to wannan tururuwa ta yi makaranta, tunda har liƙe murfi ta iya. Muka yi dariya, daga nan kuma kuka ya ƙwace mana mu biyu. Ta ce in gida ya watse takan lakata da ɗan yatsa, kuma yana da wani sanyi a harshe wanda ba ta taɓa ji a sukarin kasuwa ba. Ta tambaye ni ko da gaske da hannunka kake yin irinsa. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ga shi na faɗa, Allah ya yafe mini.

Shekaranjiya maƙwabta sun shigo dubiya, ɗakin cike. Tana kwance, ta juyo ta tambaye ni ko Ikrima ya faɗi ranar da zai zo. Haka ta faɗi sunan, ɓaro-ɓaro, kowa na ji. Amatullah ta tashi ta fita. Na san matar nan tun tana amaryar yayana, Allah ya jiƙansa. Ba ruɗewa ta yi ba, hankalinta garau yake. Mace irinta ba ta ajiye kunyar da ta riƙe tun ƙuruciya sai ta ji wani abu a jikinta, kuma tsoro nake ji.

Ka gaishe mini da Zubaida ƙwarai. Kawunka Munzali da Amatullah da Malam Badaru liman duk suna gaishe ka. Innarka ba ta ce in gaishe ka ba, ka kuma san ba za ta ce ba. Sukarin da ya rage a gindin kwalbar bai fi cokali ba, ta daina taɓa shi, ta ce na ranar da za ta dama maka kunu ne. Don Allah kada ka jira baɗi.

Wassalam.

Gwaggonka,
Hussaina