Dogo yana kulle a ɗaki, zafi yana cinsa

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce a Sakkwato, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce take rubutawa ina faɗa ina kuka. Don Allah ku ba ni shawara.

Maigidana ya rasu, ina cikin takaba. Makaɗi ne, amma ba irin namu na gida ba. Kiɗan jaz yake yi, da wani babban goge na katako da suke kira bas, a tsaye ake rungumarsa ana jan tsirkiyar da yatsa. Ya fi ni tsawo, shi ya sa muke ce masa Dogo. Da shi ya yi Legas, ya yi ƙasashen waje, shi yake ƙirƙiro kiɗansa da kansa. Akwai wanda ya ɗauko daga lugudena, ina daka yana bina da tsirkiya, har in ce Malam gero zai zube, ya ce bari ya zube, yau ke ce shugabar makaɗa.

Danginsa ba su taɓa so ba. Kakansu ya yi wa sojan Turawa busa farkon zuwansu garin nan, gidan ya daɗe yana jin kunyar abin, har suka koma karatu suka zama malamai. Sai ga maigidana ya sake tono maganar. Da ya tsufa muka dawo gidan gado wajen Ƙofar Taramniya, aka ba mu sashe, bisa sharaɗin kada a ji kiɗa a zaure.

Katakon Dogo ba ya son bushewa, zafin garin nan tsaga shi yake. Don haka tun zuwanmu aikina ne in yayyafa ruwa a daɓen ɗakin da muke ajiye shi, in ajiye kwano cike kusa da shi, in rataya jiƙaƙƙen zane a taga. Ko ranar da na kwana da zazzaɓi ban fasa ba.

Da ciwo ya yi tsanani maigidana ya riƙe hannuna ya ce in ba Bulus Dogo. Bulus mutumin Jos ne, a hannun maigidana ya koyi kiɗa, yanzu shi ma har ya yi furfura. Ba kowa a wurin sai ni.

Bayan addu'ar bakwai ƙanensa, wanda yake limanci, ya sa kwaɗo a ɗakin, wai sai an raba gado. Na faɗa masa wasiyyar, ya ce ba shaida, kuma kayan kiɗa ba dukiya ba ce da za a gada ko a kyautar. Na ce to a bar ni in riƙa sa ruwa. Ya ce, "Yaya, bar shi ya tsage, sauƙi ne gare shi. Duk wanda ya ja tsirkiyar nan, ɗan'uwana za a ƙara wa nauyi a kabari." Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa cike da hawaye, shi ya yi wa ɗan'uwan nasa wankan gawa. Maganar nan ta hana ni sakat.

Ga bazara ta shigo. Na koma zuba ruwa ta ƙarƙashin ƙofa da buta, sai matarsa ta gan ni, yanzu matan gida suna raɗa wai asiri nake yi wa ɗakin mamaci. Na daina. Shekaranjiya da azahar ina zaune a bakin ƙofar na ji ƙas daga ciki. Ban sani ba ko tsirkiya ce ta tsinke ko katakon ne ya fara.

Abin da ba su sani ba, ɗakin yana da ƙofar baya ta lungu, makullinta yana cikin adakata, tsoron kada a gan ni ne ya hana ni buɗewa har yau. Bulus ya zo gaisuwa, ya sauka wajen wani abokinsa a Gidan Igwai, ranar Juma'a zai koma. Bai roƙe ni komai ba, cewa kawai ya yi, "Mama, ana sa masa ruwa?"

In na buɗe na ba shi, na saɓa wa mutanen da suke ciyar da ni, 'ya'yana duk mata ne suna gidajen mazansu, ban san inda zan dosa ba. Kuma in Liman ya yi gaskiya fa, da hannuna na ƙara wa mijina azaba? In na bari, na ci amanar maganarsa ta ƙarshe, ina zaune ina jin abin da ya rayu da shi yana fashewa.

Masu ilimi a cikinku, wasiyyar da mace ɗaya ta ji tana da ƙarfi? Kiɗan da wani ya yi yana bin mamaci? Ku gaya min kafin Juma'a, in ɗauko makullin ko in bar shi a adaka.