Sau Uku Aka Kira Ni Ina Barci

Zuwa ga yayana Sallau, a wurin haƙar zinari can arewa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Wayarka ba ta shiga, na san babu rezo, wato sabis ɗin waya, inda kake, shi ya sa na rubuta a nan intanet inda kowa ke gani. Duk wanda ya san Sallau ɗan Inna Rabi mai dabino, don girman Allah ya karanta masa.

Yau kwana goma sha ɗaya Inna tana asibiti a nan Agadas. A rumfarta ta yanke jiki ta faɗi, aka ce hawan jini ne, aka sa ta a ɗakin da suke ce wa reya, na masu ciwo mai tsanani. Ba a barin kowa ya zauna ciki. Mu masu jinya muna waje, jikin bango, kowa da tabarmarsa. In ana son magani sai malamar asibiti ta leƙo ta ce, "Mai Rabi!" ka karɓi takarda ka ruga farmasi. Kiran ba shi da lokaci. Kuma ni kaɗai ce mai Rabi, Yaya, ka san ba mu da wani.

Kai ne sarkin barci a gidanmu, sai an yayyafa maka ruwa kake tashi. Ni kuwa Inna takan ce, "Hadiza ko kaza ta taka tabarma sai ta buɗe ido." To, zo ka ga Hadizarka yanzu. A tsaye na yi gyangyaɗi a layin farmasi. Na yi sujada na zarce, sai da wata ta taɓa ni. Shayi mai ɗaci na sha, goro na ci har haƙorana sun yi ja, duk a banza.

Mu matan jikin bango muna da tsarinmu: ɗaya ta ɗan kwanta, ɗaya ta saurara mata kira. Abokiyar tsarina Tsahara ce, daga Cirozerin, mijinta na ciki. Ranar Talata bayan azahar ta dube ni ta ce, "Ke baiwar Allah, kwanta kafin ki faɗi mana nan. In an kira zan tashe ki." Na ja mayafi na rufe har kaina.

Ina cikin barci aka kira ta, mijinta ya cika. Ta bi gawa tana kuka. Wa zai ga laifinta don ta manta da ni?

Bayan tafiyarta Inna ta buɗe ido, karo na farko tun da ta faɗi. Tana ta dube-dube, bakinta na motsi. Malamar ta leƙo ta kira ni sau uku. Ina nan kwance, taku biyar daga ƙofar, ba wanda ya san ni ce a cikin mayafin. Sai la'asar sakaliya na farka. Malamar ta ce, "Madam, ina kika shiga? Tsohuwa ta neme ku har ta gaji." Tun daga ranar Inna ba ta sake buɗe ido ba.

Kwana uku ke nan ban yarda na kwanta ba. Kan bulo nake zaune, don in na karkata in faɗi in farka.

Yayana, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, yau zan faɗe shi ko duniya za ta karanta. Jiya da rana aka buɗe ƙofar, sai na ji zuciyata ta ce, da ma ni za a kira a ce ta cika, in tafi gida in kwanta. Inna fa, Yaya. Wadda ta goye mu. Na yi ta istigfari har muryata ta dishe, amma na ji abin da na ji, kuma wallahi tsoron kaina nake yi.

Ban ce ka zo da komai ba. Ka bar ramin nan, ka hau motar farko da ta nufo Agadas, ka zo ka zauna bakin ƙofar nan da idonka biyu. Ka zo kafin in sake yi wa uwarmu wannan fata.

Allah ya tashi kafaɗun Inna, ya sa in ta sake buɗe ido ta ga ɗayanmu a kanta. Allah ya kawo ka lafiya. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Ƙanwarka,
Hadiza.