Na Ɗauki Surukina Yana Kala

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu manya da ƙanana. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a kai ƙarshe kafin a fara zagina. Zagi na san zan sha, na ma riga ku farawa, sati uku ke nan ina yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'ar nan nake bukatarta.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Damagaram, ina da mata da 'ya ɗaya. Tun ina saurayi ɗaukar hoto ya shiga raina, ba don sana'a ba, sha'awa ce kawai. Na daɗe ina fama da waya, sai bana Allah ya hore mini na sayi kamara ta hannu, irin sababbin nan marasa madubi a ciki. Tsofaffin kamarori suna da ɗan madubi da ke ɗagawa ya yi ƙaras in an danna, kowa ya san an ɗauke shi. Wannan kuwa in ka so shiru take, wanda ke jingine da kafaɗarka ma ba zai ji ba. Mai shagon, wani dattijo da ya tsufa a ɗaukar hoton biki da suna, ya ajiye mini gilashin zum, mai jawo abu kusa, guda biyu a kan tebur, gajere da dogo, ƙarfina kuma na ɗaya ne. Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal ya ce, "Mushe, mutane kake son ɗauka ko tsuntsaye?" Na ce mutane. Ya ce, "To ɗauki gajeren. Da shi dole ka matso, ka yi sallama, mutum ya gyara hularsa. Dogon nan na wanda ba ya son yin sallama ne." Na yi dariya irin ta mai ganin ya fi kowa sani, na ce hoton da aka gyara hula ai na katin ɗan ƙasa ne, ni gaskiyar mutane nake nema. Na ɗauki dogon na fito ina jin kaina.

Yanzu bari in gaya muku wane ne surukina, wanda muke kira Baba. Ɗan Birni ne na asali, tsohuwar unguwar garin nan, kakanninsa fatake ne, shi ma da fataucin fata aka san shi. Mutum ne mai ji da kansa, babbar riga kullum a guge, in ya zauna a ƙofar gida bayan la'asar sai an rusuna ake wucewa. Lokacin da na nemi 'yarsa sai da ya ja ni a ƙasa, ya ce bai san gidanmu ba, ɗan lakwal kuma albashi ne asalinsa. Ya ba ni ita daga baya, amma maganar ba ta fita raina ba. Ranar da ya fara ganin kamarar a wuyana ya dube ni sama da ƙasa a gaban mutane ya ce, "Mai iyali da kayan wasan yara?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don ku san ba da zuciya mai tsabta na yi abin da na yi ba.

Duk kaka Baba yakan ce zai je duba gonarsa a wajen Gouna. Ya fita da safe a motar kasuwa, ya dawo da yamma da 'yar jakar gyaɗa, ya rarraba wa jikoki yana cewa, "Ku ci, ta gonar kakanku ce." 'Yata ta ci, ni ma na ci. Babu wanda ya san an sayar da gonar tun shekarun da kasuwar fata ta juya masa baya, domin Baba ba mutumin da zai buɗe baki ya ce babu ba ne.

Wata Asabar bayan an cire gyaɗa na hau moto, wato babur, na nufi wajen Gouna neman hoto. Rana ta yi sanyi, hasken ya yi ja, ƙasar ma ja. Na tsaya a gindin wani gawo, na hango mutum can tsakiyar gona a durƙushe, da malfa da tsohuwar taguwa, yana tona ƙasa da yatsu yana jefa abu a ƙwarya. Kala yake yi, tsintar ragowar gyaɗar da masu gona suka bari, aikin da muka saba gani a hannun tsofaffin mata. Na murɗa zum, ya taho mini kamar na miƙa hannu na jawo shi. Na fara ganin zoben azurfa a ɗan yatsansa, na san zoben. Ya ɗago ya share gumi, na ga fuskar. Jama'a, me ɗan halas zai yi a nan? Ba sauke kamara zai yi ya juya moto ya tafi da abin a cikinsa har kabari ba? Ni dannawa na yi. Na danna ya fi sau goma, kamarar ba ta yi ko tari ba, wani abu a ƙirjina yana cewa, yau ga asali a durƙushe.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Muna da wani gurup a waya na masu sha'awar hoto, yawancinsu ba 'yan garin nan ba ne, kuma da sunan aro nake ciki, ko matata ba ta san sunan ba. Kwana biyu ina kallon hoton, kuma wallahi ya yi kyau, ban taɓa ɗaukar kamarsa ba, wannan ma wani abin haushin ne. Na saka shi, na rubuta kalma ɗaya a ƙasa: Kala. Na ce wa raina ai launi nake nufi, jan ƙasa da jan rana. Ƙarya nake. Ni da nake koyar da yara rubutu na san kalmar ɗaya ce a takarda, biyu ce a baki, kuma na san wadda 'yan Damagaram za su karanta. Aka yi ta yabo, wani ya ce kalar ta fita, wani ya tambayi wane zum ne, na amsa ina fankama. Ban kawo a raina cewa hoto ba ya zama inda aka ajiye shi ba, ko kuwa na kawo na kau da kai? Har yau ban iya ba kaina amsa ba.

Kwana huɗu ya ɗauka kafin ya iso Birni. Wani ya kwafa ya tura wa wani, har ya faɗo gurup ɗin unguwa da tambaya a kai: wannan ba Alhaji wane ba ne? Na dawo daga lakwal na tarar da matata zaune a tsakar gida da waya a hannu, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce, "Baban Ummi, dubi abin da aka yi wa Baba." Na karɓa na duba kamar ban taɓa gani ba, har da salati na yi. Ta ce, "Gyaɗar da yake kawo mana ke nan. Muna ci muna dariya." Sai ta fashe da kuka, ta ce ba talaucin ne ya ƙona ta ba, su 'ya'yansa ne suka gaza da ba su lura ba, kuma za su gyara. Abin da ba za ta yafe ba shi ne wanda ya laɓe ya tona wa tsoho asiri don a tafa masa. Ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi duniya da lahira. Ina tsaye a gabanta, na ce amin. Da bakina na ce amin.

Tun ranar Baba bai sake zama a ƙofar gida ba. Masallacin unguwa ma sai ya ga an tayar da salla yake shiga, ya fita kafin a shafa. 'Ya'yansa sun kai buhunan hatsi, ya ce a mayar, shi bai yi bara ba. Waɗanda suke rusuna masa jiya su ne yau suke aiko masa da sadaka a ɓoye, kuma na san wannan ya fi zagi yi masa ciwo. Na goge hoton a gurup, na goge a kamara, amma me na goge? Yana cikin wayar kowa. Matata kuma kullum sai ta ce, "Kai ka san harkar foto, ba za a iya gano mai kamarar ba?" In ce mata da wuya. Ta ce, "Ka dai bincika, na san ba za ka bar abin haka ba." Ta zuba mini abinci, ta tura mini nama gabana, ni kuwa kamar ƙasa nake taunawa. Kamarar tana cikin akwati, ko jakarta ba na son gani.

Shekaranjiya Baba ya aiko a kira ni. Na tafi, na same shi a zaure shi kaɗai, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Sannan ya ce, "Malam, abin wasan nan naka yana nan?" Na ce yana nan, Baba. Ya ce, "Ran Juma'a in an sauko ka zo da shi. Zan sa rigata ta Salla, ka ɗauke ni a nan zauren ubana. Ba na son in mutu jikokina su tashi wancan ne kaɗai hotona." Na ce to, Baba. Har na yunƙura zan tashi ya ƙara da cewa, "Ranar nan na ga wani abu yana ƙyalli a gindin gawo, na ɗauka fasasshiyar kwalba ce." Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Wancan daga nesa ya ɗauke ni, bai yi sallama ba. Kai ka matso kusa."

Ya sani ne? Ko zato yake? Ko kuwa tsoho ne kawai yake faɗin abin da ya gani, ni ne mai laifi nake jin kowace kalma kamar da ni ake? In ya sani, me ya sa bai gaya wa 'yarsa ba? Rufa mini asiri yake, ni da na tona nasa? Wannan tunanin ya fi komai ci na, domin na fi son ya tsine mini a gaban jama'a da ya fi ni mutunci a ɓoye.

Ga kuma abin da ko dariya ko kuka ban san wanda zan yi ba. Zauren Baba ƙarami ne, gilashin da na zaɓa kuma ba ya ɗaukar abin da ke kusa. In zan ɗauke shi da shi, sai na ja da baya na fita zauren, na tsallaka titi, na tsaya can nesa kamar ranar farko. Zan iya komawa wajen mai shago in roƙi aron gajeren, in zo in yi sallama, in ɗauki hoton, in ci gaba da zama surukin kirki har ƙarshen raina. Ko in durƙusa a zauren in faɗi gaskiya, in san cewa daga nan sai kunnen matata, wadda ta riga ta kai ƙarata wajen Allah ni kuma na ce amin. Ina sonta, ba na son 'yata ta tashi a gida biyu, kuma ban san ko akwai auren da zai ɗauki wannan ba.

Yau Laraba. Matata ta riga ta karɓo rigar Baba ta wanke, tana can tana guga tana murna wai mijinta ne zai share wa ubanta hawaye. Don Allah jama'a, ku gaya mini, me zan yi?