Ruwan Naƙudar da Ba a Sa Ba

Fatakwal, 9 ga Yuli, 1976.

Yaya Kubura,

Gaisuwa mai yawa. Yaya mutanen Ƙofar Sauri? Ni lafiya lau, in ban da tarin da nake kwasa wurin gadi.

Tun ina makaranta ba kwa ɗaukar maganata. Da cikin yarinyar nan ya wuce watansa, na ajiye kunyar 'yar fari, na rubuto a kai ta asibiti a sa mata ruwan naƙuda. Kika ce ruwan yana murɗa hanji ya hana mace cin abinci, kuma uban kirki ba ya zancen cikin 'yarsa.

Ki lallashe ta ta ci wani abu. Allah ya ba ta lafiya. Jikana kuwa an binne shi, ko suna bai samu ba.

Ƙanenki,
Gidaɗo