Kawuna Yana Kwaso Mana 'Ya'yan Da Iyayensu Ke Raye

Anti, don Allah ki ara mini hankalinki, nawa ya ƙare. Ƙawata da na fara gaya wa wannan magana sai da ta riƙe ciki don dariya, ni kuwa ba abin dariya ba ne a wurina.

Na gama karatun kimiyyar dabbobi, yanzu ina sanin makamar aiki a wata cibiyar jinyar namun daji. Ba gidan zu ba ne, na gaji da yi wa mutane wannan bayani. Dabbar da mota ta buge, ko tsuntsun da ya karye a wayar lantarki, su ake kawo mana, mu yi jinya, in sun warke a mayar da su daji. Aikina wanke keji, yayyanka nama, da ɗura wa jarirai madara da sirinji. Ina wari idan na dawo gida, amma ina son aikin. Mu uku ne masu koyo, kuma mutum ɗaya likitar cibiyar za ta riƙe a ƙarshen zango.

Matsalata Kawu ne, ƙanin Umma, wanda ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Direban babbar mota ne, hanyarsa ta ratsa daji. Tun da ya ji inda nake aiki, babu abin da zai motsa a gefen titi bai taka birki ba. Farko bushiya ya kawo, ƙafarta a karye, likita har ta yaba masa. To, yabon nan shi ya ja mana. Kwali bayan kwali, Anti! 'Ya'yan zomo, ɗan mujiya, 'yan tsuntsayen da ke koyon tashi, duk lafiyarsu ƙalau. Zomanya takan ɓoye 'ya'yanta a ciyawa ta tafi kiwo ta dawo. Ɗan tsuntsun da ke tsalle a ƙasa, iyayensa suna kan reshe suna kallonsa. Kawu kuwa da ya gani sai ya ce marayu ne. Kafin ya iso kuma ya cika musu ciki da madarar gwangwani da sukari, ko biredi jiƙe da shayi, wai kada su zo wurina da yunwa. 'Ya'yan zomon nan zawo ya kashe su a hannuna. Shi bai sani ba, har yanzu yana tambayata ko sun yi ƙiba.

Na kwanan nan ɗan barewa ne. A kujerar gaba ya ɗauko shi, ya ɗaura masa bel, ya kwana da shi a mota, ya ce duk hanya suna hira. Mu kuwa dokarmu ba a yi wa jariri magana, ba a raɗa masa suna, har fuska muke rufewa idan za mu ba shi abinci, don kada ya saba da mutum. Dabbar da ta daina tsoron mutum ba ta daɗewa a daji. Yanzu ɗan barewar nan duk mai wando da ya gani sai ya bi shi. Likita ta ce da wuya a iya sakinsa.

Ta kira ni ofis. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce kejin da ya kamata a sa masu rauni na gaske ya cika da 'ya'yan da Kawuna ya sato wa iyayensu, kuma ba ta ga yadda za ta riƙe ma'aikaciyar da ta kasa koyar da darasin farko a gidansu ba.

Kin ga gaba kura baya siyaki. Idan ya tsaya a bakin get da kwalinsa, yana murmushi yana goge hannu da tsumma, wai ya kawo wa 'yarsa aiki, bakina mutuwa yake yi. Sai in ce na gode. A tasha kowa ya san 'yarsa likitar zakuna ce, ni da ban taɓa ganin zaki ba. Umma ta ce in ba zan iya gode masa ba in ja bakina in yi shiru. Kuma ya taɓa cewa shi ba ya iya wuce maraya a kan hanya, na san da wa yake. Yaya zan yi, Anti? In rasa aikin, ko in kunyata mutumin da ya raine ni?

Taki, Mai wanke keji.

*

Ƙanwata Mai wanke keji,

Na yi dariyar bel ɗin nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma zomayen sun mutu, kuma ɗan barewar yana iya ƙare rayuwarsa a bayan wayar keji, saboda haka bari mu yi maganar da gaske.

Kawunki ba mugu ba ne, ba kuma mai taurin kai ba ne, don babu wanda ya taɓa ce masa ya bari. Yana aiki ne da abin da kike nuna masa. Duk godiyar da kika yi a bakin get, odar wani kwalin kika bayar. Kina ganin shirunki ladabi ne, alhali kin bar dattijo yana ɓarna da hannunsa yana zaton lada yake samu. Ran da ya ji daga bakin wani, abin da zai fi yi masa ciwo shi ne kin sani kika ƙyale shi.

Likitarki tana da gaskiya a kan kejin. Inda ban bi ta ba shi ne ɗora miki kayan gaba ɗaya. Ita ta fara yaba masa, ba ta haɗa da bayani ba, kuma wayar da kan jama'a aikin cibiya ne, ba na mai koyo kaɗai ba. Sai dai ba wannan ne lokacin gaya mata haka ba. Ki same ta ki ce za ki yi wa Kawu magana, ki roƙe ta ta ba shi izinin shigowa sau ɗaya ya ga ɗan barewar da idonsa, ta yi masa bayani da bakinta. Babba ya fi jin gyara daga mai farar riga a kan daga yarinyar da ya goya.

Kafin nan, ki same shi a gida, ba a bakin get ba, ba a gaban Umma ba. Ki fara da bushiyar, don ceto ne na gaske, nasa ne kuma. Sannan ki gaya masa abin da ya sami zomayen, ba tare da kwana-kwana ba. Maganar maraya kada ki tsallake ta, nan ne zuciyarsa take. Ki ce masa ya ɗauke ki ne don Baba ba zai dawo ba, waɗannan kuwa uwarsu tana bayan kurmi tana jiran motarsa ta wuce.

Kada ki tsaya a hani kawai, ki ba shi aiki. In ya ga dabba, ya kira ki kafin ya taɓa. In akwai jini, ko karaya, ko gawar uwa a kusa, ya sa a kwali mai huji ya rufe, ba madara, ba hira. In babu, ya ja motarsa. Mutumin da ya iya sanar da tasha guda cewa ke likita ce, zai iya koya wa direbobin tashar wannan, kuma su ne masu ganin hanya fiye da ku.

Ba zan yi miki alkawarin likita za ta zaɓe ki ba, ban san sauran biyun ba. Ba zan kuma ce Kawu ba zai yi fushi ba. Wataƙila ya ɗauke miki wuta na ɗan lokaci, Umma ta ce kin yi karatu kin fi ƙarfin kowa. Ki daure, ki ci gaba da gaishe shi kamar kullum. Amma aikin da kike nema, rabinsa gaya wa masu kyakkyawar niyya ne cewa su mayar da abin da suka ɗauko. In kin iya faɗa wa Kawu ya fahimta, babu wanda zai gagare ki a bakin get ɗin nan.

Ki je kafin ya sake ɗaukar lodi. Allah ya sanyaya masa zuciya, ya sa ki faɗa da daɗin baki, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.