Tazarar Gefen Dama

Fagge, Kano.
Ranar Litinin.

Zuwa ga Baba Onyekachi,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taka? Ya Mama Obiageli da jikoki? Allah ya sa zaman gida ya karɓe ka, ko da yake na san hayaniyar Sabon Gari na ranka.

Baba, tsohuwar kwamfutar shagon Abba ta mutu murus. Na samu na ceto fayil ɗin saitin firinta, wanda kai da marigayi Abba kuka rubuta tun ina firamare, amma sabuwar kwamfutar ba ta karanta irinsa. Sai na sa wata manhaja ta juya shi zuwa sabon tsari. Firinta ta karɓa, ni kuma don rawar kai ban gwada ba, na buga wa wata Islamiyya littafin Larabci guda ɗari biyu. Da aka ɗinke, ɗinkin ya cinye haruffa a kowane shafi.

Yaya Muhammad Nur ya ce idan Juma'a ta yi ban gyara ba, zai ba masu atamfa shagon. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wallahi ba a hannuna za a rufe shagon nan ba.

'Yarka,
Mahbuba.

Fagge, Kano.
Ranar Asabar.

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda ta kaya.

Na ajiye manhajar, na buɗe tsohon fayil ɗin da sabon gefe da gefe, ina bi layi-layi, kwana uku. Ashe ita a wurinta kowane littafi ta hagu ake ɗinke shi, irin na boko, shi ya sa ta mayar da tazarar ɗinki can. Kuma duk bayanin da kuka rubuta don mutane, ta watsar da shi.

A cikin abin da ta watsar na ga rubutun Abba: "Littafin Larabci ta dama ake ɗinke shi. Sau uku ina gaya wa Onyekachi." Baba, ashe kai ma! Na yi dariya har hawaye, daga nan kuma kukan ya zama na gaske.

Da hannuna na sake rubuta saitin gaba ɗaya. Jiya Yaya ya zo da mai atamfar, har da tef ɗin awo. Na miƙa wa Yaya littafi ɗaya da na buga da sabon saitin. Ya daɗe yana buɗawa, sannan ya ba mutumin haƙuri, ya raka shi bakin titi.

Na mayar da layin Abba cikin sabon fayil ɗin, har da sunanka, ka yi haƙuri. A ƙarƙashinsa na ƙara nawa: "Mahbuba ma sai da ta ɓata ɗari biyu."

A gaishe min da Mama.

'Yarka,
Mahbuba.