Rigar Ruwan Amal

Yaya Hamdiya,

Ina gaisuwa daga Lyon, nan Faransa. Ya jikin Inna? Mu lafiya lau.

Kin san ɗiyata Amal zabiya ce, rana na ƙone ta. Likita ya ce ta riƙa shiga ruwa da riga mai dogon hannu. Ran Lahadi a tafki wani ƙato ya ce kayan addini ne, ba a yarda da su a nan ba, ya fizgi rigar har ta yage, yarinya na ihu. Na gabza masa naushi, hancinsa ya fashe. Abokansa suka kayar da ni, suka tattake ni. Haƙora ne kawai suka zube, kar Inna ta ji.

Bar kilishin da kika ce za ki aiko, ki aiko garin kunu. Na sayo wa Amal wata rigar, ja wur. Lahadi muna komawa, a sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Safwan